Yajin aikin masu ɗaukar hoton asibiti a Ingila, 2023: yadda matsin aiki ya fito da su bakin ƙofa

Da ƙarfe 8 na safiyar Talata, 25 ga Yulin 2023, ma'aikatan ɗakin hoto a hukumomin asibitoci 37 na Ingila suka ajiye aiki, suka fito bakin ƙofa riƙe da kwalaye. Yajin na awa 48 ne, sai da safiyar Alhamis suka koma. Ƙungiyarsu, Society of Radiographers (SoR), wadda aka kafa tun 1920, ba ta saba da irin wannan ba. In aka cire ɗan yajin awa huɗu-huɗu da ta yi a ƙarshen 2014, sai an koma 1982 kafin a ga ta tsayar da aiki a kan albashi. Mutane ne da aka sani da kawaici, galibinsu ma a ɗakunan da ba taga suke yini.

Jaridu sun ba da labarin a matsayin rigimar albashi, kuma da gaskiya a ciki, domin ƙarin kashi 5 cikin 100 da gwamnati ta bayar shi suka ƙi. Amma duk wanda ya bi koke-kokensu zai ga kuɗin ba shi ne asalin ciwon ba. Kuka suke yi cewa abokan aiki suna tafiya, ba a maye gurbinsu, aikin mutum uku ya koma kan biyu, biyun kuma sun fara kwanciya rashin lafiya. Albashi suka kama domin shi ne abin da doka ta ba su damar yin yaji a kansa cikin sauƙi, kuma shi suke gani zai tsayar da masu tafiya. Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci a zauna a kansa ke nan: matsin aikin da aka daɗe ana ɗauka matsalar mutum ɗaya ce, ta rashin juriyarsa, a nan ya fito fili cewa lissafi ne wanda ba ya tashi.

Aikin kansa

Akwai mutum biyu da ake yawan haɗawa. Likitan hoto ya yi karatun likita, aikinsa ya karanta hoton ya rubuta abin da ya gani. Ma'aikacin hoto kuwa digiri ya yi a wannan fanni kaɗai, shi ke karɓar mara lafiya, ya kwantar da shi, ya saita na'ura, ya ɗauki hoton. Su ma kashi biyu ne. Akwai masu hoton gano cuta, wato eksire da CT da MRI da hoton mama da sikanin, akwai kuma masu gashin ciwon daji. Ƙungiyar SoR ta sha faɗin cewa cikin marasa lafiya 10 da ke shiga asibitocin Hukumar Lafiya ta Ƙasa, NHS, 9 sai sun bi ta hannun ɗayansu. A shekarar 2022 zuwa 2023 an ɗauki hotuna kimanin miliyan 45 a Ingila. Wajen rabinsu eksire ne, CT kimanin miliyan 7, MRI kimanin miliyan 4.

A ɗauki dare ɗaya a ɗakin CT na asibitin da ke da sashen gaggawa. An turo wani dattijo bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya saki, ana zaton shanyewar ɓarin jiki. Ƙa'ida ta ce a yi masa hoton kai cikin awa ɗaya da isowarsa, domin allurar da ke narkar da gudan jini tana da wa'adi, in ya wuce ba ta da amfani. A kan tebur kuma ga wata mata an riga an sa mata kanula, ana shirin tura mata ruwan da ke haska jijiyoyin jini. A waje ga wanda ya yi hatsarin mota, an ɗaure masa wuya. Waya tana ƙara: ɗakin tiyata suna son a kawo musu na'urar tafi-da-gidanka domin suna sa ƙarfe a ƙashin cinya, ɗakin masu jinya ta musamman kuma suna son hoton ƙirji don a tabbatar bututun da aka zura ta hanci ya sauka ciki, bai shiga huhu ba. Kowane likita yana ganin nasa ne na gaggawa, kuma kowa da gaskiyarsa. Ɗakin hoto kamar famfo ɗaya ne a unguwa, kowane gida da bokitinsa. Mai hoto shi kaɗai ke ganin layin gaba ɗaya, kuma shi ne mafi ƙarancin iko a kan tsawonsa. Ba shi ya rubuta takardar ba, ba shi zai ce yau a rage ba.

Duk da wannan gaggawar, kafin ya danna maɓalli dole ya tsaya. Sunanka? Ranar haihuwa? Adireshi? In mace ce mai shekarun haihuwa, ko akwai yiwuwar ciki? Takarda ta ce ƙafar dama, mara lafiya yana nuna hagu, wanne ne daidai? A ɗakin MRI tambayar ta fi haka tsawo, domin maganaɗisun na'urar ba a kashe shi dare da rana, ƙarfen da ke jikin mutum ko wanda ke aljihunsa zai iya zama makami. Dokar 2017 da ta shafi haska marasa lafiya ta ɗora wa mai danna maɓallin alhaki da sunansa. In aka yi wa wanda ba shi ba CT, sai an kai rahoto ga hukumar sa ido a kan asibitoci, CQC, sannan hukumar rajistar ma'aikata, HCPC, tana da ikon ƙwace lasisinsa. Hasken da ya riga ya ratsa jiki kuwa ba a dawo da shi. Ga sauri ana nema, ga kuskure ba a yafewa, kuma a hannun mutum ɗaya aka haɗa su.

Sai nauyin jiki. Jan mara lafiya daga gado zuwa tebur sau da yawa a yini, tsayuwar awowi a ɗakin tiyata cikin rigar dalma, tura na'ura daga wannan bene zuwa wancan. Masu sikanin an san su da ciwon kafaɗa da wuyan hannu saboda danna na'urar a jikin mutane tun safe har yamma.

Akwai wani nauyin da ba a cika maganarsa ba, kuma a ganina shi ya fi cin rai. Mai hoto shi ne mutum na farko a duniya da ke ganin ƙarin da ke cikin huhun wani. Hoton yana fitowa a allo yanka-yanka, ya gani, ya gane. Mara lafiya ya sauko yana gyara riga, ya dube shi ya ce, “Ka ga wani abu?” Sau da yawa ba huruminsa ba ne ya faɗa. Sai ya daidaita fuska ya ce likita zai duba ya yi masa bayani, ya raka shi ƙofa, ya kira na gaba. Ba a ware masa ko minti biyar ya haɗiye abin da ya gani ba. Masu gashi nasu ya sha bamban. Su mara lafiya ɗaya suke gani kullum, Litinin zuwa Juma'a, makonni a jere. Su san sunan jikokinsa, su ga yana ramewa, su saita haske a kan gurbin da ake aunawa da milimita. Wani ya warke, wani wata rana a ga sunansa ya fita daga jadawali.

A 1979 wani masani ɗan Amurka, Robert Karasek, ya nuna cewa yawan aiki kaɗai ba shi ke karya mutum ba; abin da ke karyawa shi ne aiki ya yi yawa, ikon mutum a kan yadda zai yi shi kuma ya yi kaɗan. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, da ta fitar da mizaninta na matsin aiki a 2004, waɗannan biyun ta sa a gaba, sannan ta ƙara da goyon baya, da dangantaka, da sanin matsayi, da yadda ake kawo canji. Wanda ya karanta wannan mizani, sannan ya tsaya awa ɗaya a ƙofar ɗakin CT, ba ya buƙatar a yi masa ƙarin bayani.

Yadda aka kai nan

Ba korona ce ta fara ba. Tun da aka sauya tsarin albashin NHS a 2004, makon aikin masu hoto ya tashi daga awa 35 zuwa 37 da rabi. Daga 2011 aka daskarar da albashin ma'aikatan gwamnati shekara biyu, sannan aka ƙayyade ƙari a kan kashi 1 har wajen 2017. A 2017 ɗin aka cire tallafin karatu na ɗaliban jinya da na fannonin lafiya irin wannan, aka ce su ci bashi kamar kowa. Sai a 2020 aka dawo da fam 5,000 a shekara, da ƙarin fam 1,000 ga fannonin da ake ƙaranci, ciki har da na hoto, wanda shi kansa amincewa ne cewa an yi ɓarna.

A daidai wannan lokacin buƙatar hoto sai hauhawa take. Ilimin likitanci ya koma ba ya motsi sai da hoto, jama'a suna tsufa, ana son gano daji da wuri. Rahoton da Farfesa Mike Richards ya gabatar a Oktoban 2020 ya nuna cewa a shekarun da suka gabaci annoba CT yana ƙaruwa da kusan kashi 7 duk shekara, MRI da sama da kashi 5, ma'aikata kuwa ba sa ƙaruwa da wannan sauri. Ya ce a ninka ƙarfin CT cikin shekara biyar, a buɗe cibiyoyin gwaji a cikin gari nesa da sashen gaggawa, a kuma ƙara likitocin hoto 2,000 da ma'aikatan hoto kimanin 4,000. Gwamnati ta karɓi batun cibiyoyi hannu bibbiyu, ta ware fam biliyan 2.3, ta yi alkawarin guda 160 zuwa Maris ɗin 2025. Gini da na'ura ana iya sayensu cikin shekara ɗaya, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. Ma'aikaci kuwa sai ya yi shekara uku a jami'a, sannan ya ƙara wasu kafin a bar masa CT shi kaɗai cikin dare. Cibiyoyin da yawa da ma'aikatan asibitin da ke kusa aka buɗe su. Kuma ba laifin kowa ba ne in ya zaɓi wurin da babu aikin dare a kan wurin da ake kwana tsaye. Amma duk wanda ya koma can, gurbinsa a jadawalin dare kan wani ya faɗa.

Ita annobar, abin da ta yi shi ne ta ƙone ɗan sauran ƙarfin da ake lallaɓawa da shi. Hoton ƙirji yana cikin abubuwan farko da ake yi wa mai korona, kuma ba a yinsa daga nesa. Sai an tura na'ura har bakin gado, a sa faifan hoton cikin leda, a ɗago mutumin da numfashi ke yi wa wuya, a zura faifan a bayansa, fuska kusa da fuska. Mutum biyu ake so, ɗaya ya taɓa mara lafiya, ɗaya ya taɓa na'ura kaɗai, sannan a goge komai kafin a je gado na gaba. Binciken da Theophilus Akudjedu na Jami'ar Bournemouth da abokan aikinsa suka yi a kan masu hoton Birtaniya a 2020 ya gano cewa tsoron kamuwa da cutar da ganin kayan kariya ba su wadata ba su ne kan gaba wajen jefa su cikin damuwa. Abin da ya ƙara musu zafi shi ne yadda a farkon lamarin, a wasu wurare, ba a lissafa su cikin ma'aikatan sahun gaba wajen rabon kayan kariya, alhali hannunsu na jikin mai cutar.

Da annoba ta lafa, ba hutu aka samu ba, bashin aiki aka tarar. Jerin masu jiran magani a Ingila ya kai miliyan 7.77 a Satumban 2023, mafi yawa a tarihinsa. Masu jiran gwaje-gwajen gano cuta sun kai wajen miliyan 1.6, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ya haura mako shida yana jira, alhali ƙa'ida ta ce kada ya wuce ɗaya cikin ɗari. A wannan lokaci guraben masu hoton gano cuta da babu kowa a kai sun kai kusan kashi 13. Ƙungiyar likitocin hoto ita ma ta ce giɓinta ya kai kashi 29. Da me aka cike? Da aikin bayan lokaci, da na Asabar da Lahadi, da ma'aikatan haya masu tsada, da roƙon wanda ya sauka daga aikin dare ya daure ya dawo.

Ba su kaɗai ba ne. Duk shekara NHS tana tambayar ma'aikatanta, mutum sama da rabin miliyan ke amsawa, kuma cikin tambayoyin akwai wannan: a watanni 12 da suka wuce, matsin aiki ya taɓa sa ka rashin lafiya? A 2019 kashi 40.3 suka ce e. A 2021 adadin ya kai 46.8, a 2022 ya tsaya a 44.8. Ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya su suka fi kowa jin jiki. A wannan shekarar ta 2022, kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai ya yarda cewa akwai isassun ma'aikata da zai yi aikinsa yadda ya kamata. Cibiyar Nuffield Trust ta lissafa cewa an rasa kwanakin aiki miliyan 27 saboda rashin lafiyar ma'aikata a 2022, kuma damuwa da fargaba da ƙuncin rai su suka ci wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Abin zagaye yake yi: ƙarancin hannu ya kwantar da mutum, kwanciyarsa ta ƙara ƙarancin hannu.

Maganin da aka bayar

Ba za a ce ba a sani ba. Tun watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarewar ma'aikaci cikin kundinta, ta ce ba cuta ba ce ta jikin mutum, abu ne da ke fitowa daga matsin wurin aiki da aka daɗe ba a shawo kansa ba. Ta ba shi alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, mutum ya daina ganin yana tsinana wani abu. A Yunin 2021 kwamitin lafiya na majalisar dokokin Birtaniya ya ce sarewar ma'aikatan lafiya ta kai matakin gaggawa, ya kuma ɗora laifin a kan ƙarancin ma'aikata da rashin tsari na dogon lokaci. Jeremy Hunt ne shugaban kwamitin a lokacin, kuma a Oktoban 2022 ya zama ministan kuɗi, don haka wanda ke riƙe da lalitar a lokacin yajin ya san ciwon ciki da bai.

Abin da ya fi saurin isa ga ma'aikata shi ne taimakon da ya shafi mutum shi kaɗai: layin waya na ba da shawara, manhajar koyon natsuwa, bitar juriya, da cibiyoyi 40 na kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikata da aka buɗe a 2021. Ba na raina waɗannan. Wanda ya kai ga ba ya iya barci, samun ƙwararren da zai saurare shi ba ƙaramin abu ba ne, kuma cibiyoyin sun ceci mutane. Sai dai kuɗin da gwamnati ke ba su ya yanke a ƙarshen Maris ɗin 2023, wata huɗu kafin yajin, da dama suka rufe. Kuma ko da sun ci gaba, akwai abin da ba za su iya ba. Wanda ke jan aikin mutum biyu, in ka tura shi bitar juriya, abin da kunnensa ke ji shi ne: kai ne ba ka da ƙwari. Zai dawo daga bitar ya tarar da jadawalin nan yadda ya bar shi.

Sai maganar kuɗi. Hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 a Oktoban 2022. Ma'aikatan jinya suka shiga yajin aiki a ranar 15 ga Disamba, irinsa na farko a tarihin babbar ƙungiyarsu; ma'aikatan motar asibiti suka bi, sai masu gashin ƙashi a Janairu, sai ƙananan likitoci a Maris. Gwamnati ta yi tayin ƙarin kashi 5 na 2023 zuwa 2024, da wani dunƙulen kuɗi na lokaci ɗaya. A ranar 2 ga Mayu mafi yawan ƙungiyoyi suka karɓa, aka zartar wa kowa. SoR na cikin 'yan tsirarun da suka ƙi. Da wannan ƙarin, a 2023 sabon ma'aikacin hoto yana farawa da fam 28,407 a shekara. Mai karatu a Kano zai iya juya shi zuwa naira ya ce me kuma ake nema, amma haya da haraji da bashin karatu a can ake biyansu, kuma da fam.

Ƙungiyar ta kaɗa ƙuri'a asibiti-asibiti. Dokar ƙwadago ta 2016 ta ce sai rabin mambobi sun kaɗa kafin yaji ya halatta, kuma a wurare da yawa waɗanda suka kaɗa sun goyi baya amma ba a cika adadin ba, shi ya sa aka tashi da 37. Ana cikin haka, ranar 13 ga Yuli, Firaminista Rishi Sunak ya sanar da ƙarin kashi 6 ga likitoci, 6.5 ga malaman makaranta, 7 ga 'yan sanda, ya ce an rufe maganar albashi. Ga wanda aka tilasta wa 5, wannan ya zama gishiri a kan miki. Ministan lafiya Steve Barclay ya tsaya a kan cewa tayin na ƙarshe ne, mafi yawan ƙungiyoyi sun amince, kuma yaji marasa lafiya zai cutar.

A wannan gaɓa ta ƙarshe yana da gaskiya, kuma bai kamata a ɓoye ba. An bar ma'aikata kaɗan domin masu neman ceton rai, kwatankwacin yadda ake yi ranar hutu, amma wadda ta yi mako shida tana jiran hoton da zai gaya mata ko kullutun nan daji ne, an ɗage mata. Zuwa Satumban 2023, jimillar ganin likita da ayyukan da aka ɗage saboda yaje-yajen ma'aikatan lafiya daban-daban ta haura miliyan 1. Ba abin wasa ba ne. Abin da nake gani kawai shi ne, jiran da kwana biyun nan ya jawo bai kama ƙafar jiran da gurbi ɗaya cikin takwas ke jawowa kowace rana ba, kuma na biyun ba mai fitowa a talabijin ya yi tir da shi. Ranar 3 ga Oktoba suka sake yin na awa 24, tare da manya da ƙananan likitoci, daidai lokacin da jam'iyya mai mulki ke babban taronta a Manchester.

Yajin bai sauya kashi 5 ɗin ba. Abin da ya samar shi ne sunan wannan sana'a ya shiga bakin jama'a, mutane da yawa a karon farko suka san cewa wanda ya ce musu “ja numfashi, riƙe” ba nas ba ne, ba kuma likita ba. A ƙarshen Yunin 2023 NHS ta fitar da shirinta na farko na dogon zango a kan ma'aikata, da alkawarin ƙara guraben horo. A Yulin 2024 sabuwar gwamnati ta amince da ƙarin kashi 5.5. Adadin masu cewa matsin aiki ya sa su rashin lafiya ya sauko zuwa 41.7 a binciken 2023. Sauƙi ne, amma har yanzu ya ɗara na kafin annoba, kuma na kafin annobar ma mutum huɗu ne cikin goma.

Wa ya cike gurbin

A nan ne lamarin ya taɓo mu. Hanya mafi sauri da Ingila ta bi ta toshe giɓin ita ce ɗauko waɗanda wasu ƙasashe suka riga suka horar. Tun da aka fito da bizar ma'aikatan lafiya a Agustan 2020 hanyar ta ƙara buɗewa, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da masu hoto ke fitowa su yi rajista da HCPC. Najeriya da Nijar da Ghana duk suna cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 suna cikin matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta zuwa farautar ma'aikata a cikinsu. Amma ba ta hana mutum ya nema da kansa ba, kuma da waya a hannu kowa zai iya nema.

Ban ga laifin wanda ya tafi ba. Yaron da ya gama karatun hoto a Jami'ar Bayero ko ta Usmanu Ɗanfodiyo ko ta Maiduguri, ya yi rajista da hukumar masu hoto ta Najeriya da aka kafa a 1987, sannan ya tarar na'ura ta lalace wata da watanni, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar hoto, yana da hujjar neman inda zai yi aikin da ya koya. Sai dai ya kamata ya san ɗakin da zai shiga. Gurbin da aka ba shi, wani ne ya gaji ya bari. Zai tarar da jadawalin dare ɗin nan, ga baƙunta, ga sanyi, ga iyali a nesa, sannan bizarsa a ɗaure take da asibitin da ya ɗauke shi, abin da ke sa cewa “ba zan iya ƙarin duti ba” ya fi masa nauyi a baki fiye da abokin aikinsa ɗan ƙasa.

A gida kuma, ɗakin da ya bari ba a cike shi da kowa. In mutum huɗu ne suka koma uku, kiran dare ya tashi daga sau ɗaya a kwana huɗu zuwa sau ɗaya a kwana uku, na ukun kuma ya fara tambayar yadda ake cike fom. Matsin bai gushe ba, wuri ya sauya, daga ƙasar da ke da kuɗin sayen hannu zuwa wadda ba ta da shi. A 2024 ministan lafiya na Najeriya, Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun baya, kuma a watan Agustan shekarar Shugaba Tinubu ya amince da manufar ƙasa a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda ta yi maganar lokutan aiki masu ma'ana da kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikaci. Likitoci aka fi lissafawa a wannan magana, kamar yadda aka yi a Ingila kafin 2023. Masu hoto da masu gwajin jini da masu haɗa magani ba kasafai adadinsu ke fitowa a jawabin minista ba, alhali asibitin da ya rasa mai CT ɗinsa guda ɗaya, na'urar rufe ta ake yi, a rubuta wa mara lafiya takarda ya nemi mota zuwa wani gari.